Gefe Huɗu Ba Sa Tsayar da Siffa: Bekta da Tirigonometiri a Nazarin Siffa Mai Gefe Huɗu

Da'awar wannan takarda guda ce. Abin da ya kamata a fara sani game da siffa mai gefe huɗu shi ne tsawon gefunanta kaɗai ba ya tsayar da ita, kuma bayanin da ya rage yana cikin layuka biyun da suka ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, waɗanda zan riƙa kira dayagonal. Idan aka ɗauki waɗannan layuka biyu a matsayin bekta, wato adadi mai tsawo da alƙibla, aka bar tirigonometiri ya auna kusurwar da ke tsakaninsu, sai ƙa'idojin da muke koyarwa a warwatse, kowace da sunan mai ita, su fito daga tushe ɗaya. Zan kira kusurwoyin siffar A, B, C, D bi da bi. Tsawon AB shi ne a, na BC b, na CD c, na DA d. Tsawon dayagonal AC shi ne p, na BD q, kusurwar da suka yi a mahaɗarsu θ, girman filin da siffar ta kewaye kuma K.

Ƙirga mai sauƙi ta isa ta nuna inda matsalar take. Kowane ɗigo a shimfiɗaɗɗen fili yana bukatar lamba biyu kafin a san mazauninsa, don haka ɗigo huɗu lamba takwas ke nan. A cire uku, domin tura siffa gabas ko arewa ko juya ta ba ya sauya kamanninta, saura biyar. Alwatika kuwa shida ce a cire uku, saura uku, daidai da yawan gefunanta, shi ya sa duk wanda ya san gefuna ukun ya san alwatikar gaba ɗaya. Siffa mai gefe huɗu tana bin mu bashin lamba ɗaya. Kamar ƙyauren katako ne da kafinta bai gitta masa sanda ba: katakan huɗu suna nan da tsawonsu, amma da an jingina sai ya karkace. Littattafan makarantunmu ba nan suke farawa ba. Suna farawa da jerin sunaye, murabba'i, murabba'i mai dari, rombus, faralalogiram, tirafiziyom, kuma jerin tsoho ne ƙwarai, domin yana cikin ma'ana ta 22 a littafi na farko na Iƙlidis, inda ya ambaci nau'i huɗu ya tattara duk sauran a ƙarƙashin suna ɗaya. Waɗancan sauran da aka tattara su ne mafi yawan siffofin da ke duniya, kuma su ne gonaki da filayen da mutane ke saye da sayarwa.

Farashin manta lamba ta biyar

A bangon haikalin Horus da ke Edfu a ƙasar Masar, wanda aka gina tsakanin shekara ta 237 da ta 57 kafin haihuwar Annabi Isa, an rubuta girman gonakin da aka ba haikalin, kuma hanyar lissafinsu ita ce a ɗauki rabin jimlar gefuna biyu masu fuskantar juna a ninka da rabin jimlar sauran biyun, wato (a + c)(b + d)/4. Tirigonometiri yana yanke wa wannan hanya hukunci cikin layi uku. A raba siffar da dayagonal AC, a sami K = ½ab sin B + ½cd sin D. A raba ta da BD, a sami K = ½ad sin A + ½bc sin C. A haɗa biyun, 4K = ab sin B + bc sin C + cd sin D + da sin A. Tun da sayin kowace kusurwa ba ya wuce 1, 4K ba zai wuce ab + bc + cd + da ba, wanda shi ne (a + c)(b + d). Ma'anar wannan ita ce hanyar Edfu ba ta taɓa rage girman fili. Ko dai ta faɗi daidai, wanda ba ya faruwa sai dukkan kusurwoyi huɗun digiri 90 ne, ko ta ƙara. Kuskuren kullum gefe ɗaya yake karkata: mai sayarwa da mai karɓar haraji yake yi wa daɗi. Ɗauki fili mai ƙafa 100 da ƙafa 50, irin wanda ake yankawa a garuruwanmu. Idan kusurwarsa digiri 90 ce, girmansa ƙafa murabba'i 5,000 ne. Idan ta karkace zuwa digiri 70, ya koma kusan 4,698, a digiri 60 kuma kusan 4,330, alhali igiyar awo tana ba da tsawon da ta saba bayarwa a kowane gefe. Masanan Indiya sun ga wannan da wuri. Brahmagupta, a littafinsa na shekarar 628, ya kawo hanyar rabin jimla a matsayin kimantawa kawai, ya kawo wata daban a matsayin lissafi na daidai. Bhaskara na biyu kuma, a littafinsa Lilavati na wajen 1150, ya yi kakkausar suka ga duk mai tambayar girman siffa mai gefe huɗu ba tare da ya faɗi dayagonal ko tsayi ba.

Abin da bekta ke gani

Kafin mu auna abin da ke sauyawa idan siffa ta karkace, yana da kyau mu ga abin da ba ya sauyawa, kuma a nan bekta ya fi kowane makami kaifi. Pierre Varignon, malamin lissafi Bafaranshe da ya rasu a 1722, an buga masa wata ƙa'ida a 1731: idan aka haɗa tsakiyar gefuna huɗu na kowace siffa mai gefe huɗu, faralalogiram ake samu. Da bekta, tsakiyar AB ita ce P = (A + B)/2, ta BC Q = (B + C)/2, ta CD R = (C + D)/2, ta DA S = (D + A)/2. Sai Q − P = (C − A)/2, R − S ma (C − A)/2. Hujja ta ƙare. A lura da abin da ba mu yi amfani da shi ba. Ba mu ambaci kusurwa ko tsawo ba, ba mu ce siffar ba ta da lotsawa ba, ba mu ma ce ɗigo huɗun suna kan fili ɗaya ba. Ko an ɗaga kusurwa ɗaya sama daga ƙasa, tsakiyoyin huɗu za su ci gaba da zama a shimfiɗe ɗaya su ba da faralalogiram. A lura kuma da abin da ya fito ba tare da an kira shi ba: gefunan faralalogiram ɗin rabin dayagonal ne. Kewayensa p + q ne, kusurwarsa θ ce, girmansa rabin K. Tun a mataki na farko siffar ta nuna mana cewa ƙashin bayanta dayagonal ne.

Yanzu sai ninkin ɗigo, wanda ke ɗaukar bekta biyu ya ba da lamba: tsawon na farko sau tsawon na biyu sau kosayin kusurwar da ke tsakaninsu. A ajiye A a tushe. Sai a² = B·B, b² = (C − B)·(C − B), c² = (D − C)·(D − C), d² = D·D. Idan aka lissafa b² + d² − a² − c², duk murabba'an suna cinye juna, a bar 2C·D − 2C·B, wanda shi ne ninkin ɗigon AC da BD sau biyu. Wato 2pq cos θ = b² + d² − a² − c². A ganina wannan ce jimla mafi muhimmanci a duk wannan babi, kuma abin takaici ne yadda ba kasafai ake nuna wa ɗalibi ita ba. Ɓangaren dama gefuna ne zalla. Saboda haka idan aka karkatar da siffar, p zai sauya, q zai sauya, θ za ta sauya, amma pq cos θ yana nan daram. Daga nan wani sakamako ke fitowa wanda ido ba zai taɓa hasashensa ba: dayagonal biyun suna gittawa a digiri 90 idan a² + c² = b² + d², kuma sai idan haka ne, don haka siffar da dayagonal ɗinta suka gitta a digiri 90, duk yadda aka murɗa ta za su ci gaba da gittawa a digiri 90. Abin da ake haddatar da yara game da rombus ɗan ƙaramin reshe ne na wannan.

Ninkin gicciye shi ne ɗan'uwansa, yana ba da tsawo sau tsawo sau sayin kusurwa, kuma rabin ninkin gicciyen AC da BD shi ne girman siffar: K = ½pq sin θ. Muna da pq cos θ a hannu ɗaya, pq sin θ a ɗaya hannun, kuma dokar farko ta tirigonometiri ta ce sin²θ + cos²θ = 1. Haɗa su ya ba da 16K² = 4p²q² − (b² + d² − a² − c²)². Wannan ɗaya ce daga cikin fuskokin ƙa'idar da Carl Anton Bretschneider ya buga a Jamus a 1842. Tana faɗa mana ƙarara cewa lamba ta biyar da muke bi bashi ana iya ɗaukarta a matsayin pq, kuma girman siffa yana ƙaruwa ne kawai idan pq ya ƙaru. To ina iyakar pq? Amsar tana da alaƙa da Batlamus na Iskandariyya, wanda Turawa ke kira Ptolemy: pq ba ya wuce ac + bd, kuma yana kaiwa nan ne daidai lokacin da kusurwoyi huɗun suka zauna bi da bi a kan da'ira ɗaya. A sa pq = ac + bd, a warware bambancin murabba'ai sau biyu, sai a sami K² = (s − a)(s − b)(s − c)(s − d), inda s yake rabin kewaye. Wannan ita ce hanyar daidai ta Brahmagupta, kuma yanzu mun san matsayinta: ita ce mafi girman filin da gefuna huɗu za su iya kewayewa. Idan aka bar d ya zama sifili, ƙa'idar Heron ta alwatika ce ke fitowa.

Misali ɗaya zai sa a taɓa abin da hannu. Daga alwatika mai gefuna 3, 4, 5 da mai 5, 12, 13 ana gina siffa mai a = 25, b = 39, c = 60, d = 52, bisa salon Brahmagupta. A sa A a (−20, 0), B a (0, −15), C a (36, 0), D a (0, 48). Dayagonal ɗin 56 da 63 ne. Jimlar 25² da 60² ita ce 4,225, ta 39² da 52² ma 4,225, don haka gittawarsu a digiri 90 dole ce. Girman shi ne rabin 56 sau 63, wato 1,764. Ta hanyar Brahmagupta, s = 88, kuma 63 × 49 × 28 × 36 shi ne murabba'in 1,764. Gwajin Batlamus ya ba da 25 × 60 + 39 × 52 = 3,528, daidai da 56 × 63. Hanyar Edfu kuwa za ta ce 1,933.75, ƙarin da ya kusa kashi 10 cikin 100, a kan siffar da ta riga ta buɗe iyakar buɗewarta. A kan wannan misali ana iya gwada ƙa'idar Leonhard Euler, wadda ita ma ninkin ɗigo ke haifarwa: a² + b² + c² + d² = p² + q² + 4m², inda m yake tazarar da ke tsakanin tsakiyar dayagonal biyun. Hagu 8,450, p² + q² kuma 7,105, saura 1,345. Tsakiyoyin suna (8, 0) da (0, 16.5), m² = 336.25, sau huɗu 1,345. Wannan m ma'auni ne na nisan siffa daga zama faralalogiram, kuma ya fi tambayar "e ko a'a" da jerin sunaye ke yi amfani.

Abin da za a ce a kan wannan

Suka ta farko ita ce wadda na fi girmamawa. Masu ƙaunar jometirin Iƙlidis za su ce hujjar bekta injin niƙa ce: ka zuba haruffa, ka juya, amsa ta fito, ba tare da ka ga dalili ba. Za su ƙara da cewa ƙa'idar Varignon tana fitowa daga sanannen batun layin da ya haɗa tsakiyar gefuna biyu na alwatika, kuma wannan hujja ana ganinta da ido. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina zane ba. Sai dai zane yana nuna siffa ɗaya ne, wadda mai zanen ya zaɓa, kuma hannu yakan zaɓi mai kyan gani. Ɗalibin da ya ga hujjar a kan zane ba shi da tabbacin tana aiki a kan siffa mai lotsawa sai ya sake zane, kuma ba zai yi tunanin ɗaga kusurwa sama ba. Jimlar Q − P = (C − A)/2 kuwa ita kanta bayani ce: tana cewa B ya ɓace, wato duk inda ka kai B, layin PQ ba zai sauya tsawo ko alƙibla ba. Wannan gani ne, kuma ya zarce abin da zane ɗaya ke nunawa. Injin niƙa yana zuwa ne idan malami ya bar ɗalibi ya tsaya a kan haruffa bai sa shi ya fassara kowane layi zuwa siffa ba, kuma wannan laifin koyarwa ne da ake iya yi da kowace hanya.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi ta fuskar lissafi, kuma dole a sallama mata rabi. A cikin jerin hujjojin da na kawo akwai mataki ɗaya da na aro, wato iyakar pq. Bekta na yau da kullum ba ya jin daɗin da'ira. Sharaɗin zama a kan da'ira magana ce ta kusurwoyi, kamar yadda Iƙlidis ya nuna a mas'ala ta 22 ta littafi na uku, cewa kusurwoyi biyu masu fuskantar juna suna haɗuwa su ba da digiri 180, kuma neman wannan ta ninkin ɗigo wahala ce marar dalili. Amma wannan rauni shi ne hujjata ta cewa makaman biyu tare suke tafiya. A da'ira mai faɗin 1, tsawon kowane layin da ya haɗa ɗigo biyu na bakinta shi ne sayin kusurwar da ke kallonsa daga bakin da'irar. Da wannan, ƙa'idar Batlamus ta zama dokar sayin jimla da bambancin kusurwoyi, kuma don wannan aiki ya kawo ta a littafinsa Almajisti wajen shekara ta 150, ya gina jadawalinsa na rabin digiri zuwa digiri 180. Wato tirigonometirin Batlamus daga cikin siffa mai gefe huɗu ya fito. Ba banza ba littafin Nasiruddin al-Ɗusi na ƙarni na 13, wanda ake ɗauka cikin na farko da suka tsayar da tirigonometiri a matsayin fanni mai cin gashin kansa, an gina shi a kan siffar layuka huɗu masu ratsa juna. Wanda kuma yake son hujja gajera ta iyakar pq, sai ya bar bekta su ninku da juna kamar lambobi masu ɗauke da √−1, dabarar da Caspar Wessel, ma'aikacin safiyo ɗan ƙasar Nowe, ya buga a 1799. A nan (A − B)(C − D) + (A − D)(B − C) = (A − C)(B − D), kuma tun da gefe ɗaya na alwatika ba ya wuce jimlar sauran biyu, pq ba ya wuce ac + bd.

Akwai wata ƙaramar suka game da alama. Ninkin gicciye yana iya fitowa da alamar ragi, kuma idan gefunan siffa suka haye juna yana ba da bambancin girman ɓangarori biyun maimakon jimlarsu. Idan aka jera kusurwoyin filin nan mai ƙafa 100 da 50 ba bisa tsari ba, (0, 0), (100, 0), (0, 50), (100, 50), amsar sifili ce. Wannan gargaɗi ne na gaske ga duk mai lissafa girman fili daga lambobin da na'urar GPS ta ba shi, domin hanyar da ma'aikatan safiyo ke bi da waɗannan lambobi ninkin gicciye ce da aka maimaita. Maganinsa a bi kusurwoyi yadda ƙafa za ta zagaya filin.

Saura masu cewa wannan ya fi ƙarfin ɗalibin sakandare. Kayan aikin da na taɓa su ne tarawa da ɗebewar bekta, buɗe baka a aljabara, da sin²θ + cos²θ = 1, kuma babu wanda ya wuce abin da mai shirin jarrabawar WAEC ko NECO a lissafi mai zurfi yake karantawa. Abin da ya ɓace shi ne haɗin, domin bekta yana babinsa, tirigonometiri yana nasa, siffofi kuma an baro su tun ƙananan azuzuwa. Ga kuma tambayar da ɗalibin da aka haɗa masa su zai iya amsawa: me ya sa magini, idan ya kafa turaku huɗu na harsashin gini, yake jan igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya gwada biyun, kuma me ya sa hanyar Edfu ta daɗe haka duk da kuskurenta? A faralalogiram, p² − q² = 4ab cos θ, inda θ a nan take kusurwar da ke tsakanin gefuna a da b. Filin ƙafa 100 da 50 da ya zauna daidai yana da dayagonal mai ƙafa 111.8 kowanne. Idan ya karkace da digiri 5 kacal, ɗaya zai zama kusan 115.6, ɗayan kusan 107.8, bambancin da ya kusa ƙafa 8, wanda ba mai igiyar da zai kasa gani. Girman filin kuwa ƙafa murabba'i 19 kawai zai rasa cikin 5,000. Dalili shi ne kusa da digiri 90 kosayin yana sauyawa da sauri, sayin kuma da ƙyar yake motsi. Dayagonal yana bin kosayin, shi ya sa yake tona ƙaramar karkata nan take. Girma yana bin sayin, shi ya sa hanyar rabin jimla take wucewa ba a kama ta ba a kan filayen da suka kusa daidaita, sai kusurwa ta yi nisa da digiri 90 sannan ƙarin ya kai yadda mai saye zai ji shi a aljihunsa.